Kaza da Ƴaƴanta a Kan Tablo: Koyar da Sunayen Taurari ta Hanyar Wasa Ƙwaƙwalwa



Wani daren Alhamis cikin hunturu, bayan sallar lisha, kuran ya ɗauke a unguwarmu, sai muka fito da tabarmi tsakar gida, yaran gida da na maƙwabta suka kewaye mu. Ƙura ta lafa a daren, sama ta yi wasai, taurari kamar an watsa gero a kan baƙin zane. Muka ɗaga hannu muka nuna wani ɗan cincirindon taurari da ke kusan bisa kanmu, muka ce wa zai gaya mana sunansu? A cikin yaran akwai wanda ya shiga kolej, akwai kuma yarinyar da ta wuce izu talatin a madarasa. Ɗan kolej ya ce da Faransanci étoiles ne. Yarinyar ta ce da Larabci nujum ne. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, sai dai amsar tasu kamar a tambaye ka sunan mutum ne ka ce ɗan Adam. Can sai gwaggon mahaifinmu, tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, ta ɗaga murya daga bakin ƙofarta ta ce: "Kai jama'a! Ashe ƴaƴan yanzu ba su san Kaza da ƴaƴanta ba?" Yaran suka fashe da dariya, a zatonsu wasa take yi.

Mu kam dariyar ba ta zo mana ba. Yaron da ke zuwa lakwal da safe, ya je madarasa da yamma, yana ɗauke da kalmomin sama cikin harsuna biyu, amma ya rasa su a harshen da ya sha a nono. Ko waɗanda yake da su ɗin ma, a takarda kawai ya san su, bai taɓa ɗaga kai ya haɗa suna da mai suna ba. Tun da kundin sake gina ƙasa na shekarar 2025 ya sanya Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, maganar koyar da kimiyya da Hausa ta yawaita. To amma harshe ba ya ɗaukar kimiyya sai da kalmomi, kalmomin kuwa da yawansu suna bakin tsofaffi, tsofaffin kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne ya sa muka gwada wata ƴar dabara a ajin da muke taimakawa, wato koyar da sunayen abubuwan sama ta hanyar wasa ƙwaƙwalwa da haruffa. Mun ga ya dace mu kawo wa masu karatu abin da muka gani, da daɗinsa da wuyarsa.

Abin da ke cikin rumbu

Mu fara buɗe rumbu mu ga abin da magabata suka bari. Wata kaɗai ya ishi mutum darasi guda: ga jinjirin wata, ga tsayuwar wata, ga farin wata da duhun wata, ga daren goma sha huɗu, ga kuma daren da akan ce wata ya yi sansani, idan wani farin zobe ya kewaye shi. Yini ma an yanka shi gunduwa-gunduwa: alfijir, hudowar rana, hantsi, walaha, zawali, azahar, la'asar, almuru, magariba. Kowace kalma a cikin waɗannan tana faɗin inda rana take ne a sama. Har alfijir ma malamai sun kasa shi biyu, na ƙarya wanda ke miƙewa tsaye ya ɓace, da na gaskiya wanda ke bazuwa a gindin gabas. Mun tashi muna ganin mahaifinmu, Allah ya ƙara masa lafiya, yana auna inuwarsa da tafin ƙafa a harabar masallaci duk ranar da agogo ya yi gardama. Lissafin shi ne tsawon mutum ƙafa bakwai ne da ƙafarsa. Idan inuwa ta ƙaru da ƙafa bakwai a kan ƴar inuwar da ta rage lokacin zawali, la'asar ta shiga. Ba mu san cewa ilimin falaki muke kallo ba sai da muka je lise.

Sannan ga Zara matar wata, wadda ke haskawa a yamma bayan magariba, da Gamzaki mai fitowa a gabas kafin asuba. Yara sukan yi mamaki idan aka ce musu abu ɗaya ne mai suna biyu: shi ne Larabawa ke kira Zuhra, inda muka samo Zara, Faransawa kuma Vénus. Da yake ta fi mu kusa da rana, a ganin idonmu ba ta taɓa yin nisa da ita fiye da daraja 47, shi ya sa ko dai ta biyo rana da yamma ko ta riga ta da asuba, amma ba wanda zai gan ta bisa kai da tsakar dare. Jinjirin wata kuwa a nan yamma yake tsayawa, sau da yawa kusa da ita, daga nan aka ɗaura musu aure.

A nan ne muka ci karo da giɓi na farko. Bahaushe da tauraro yake kiran duk wani ɗigon haske da ke sama, alhali kuwa Larabci ya raba najm da kaukab, Faransanci ya raba étoile da planète. Na farko wuta ce mai ci da kanta, irin ranarmu. Na biyu dunƙule ne maras haske, aron hasken rana yake yi yana kewaya ta, kamar ƙasar da muke takawa. Gidajen rediyo sun daɗe suna cewa duniyar kaza da duniyar kaza, mu ma sai muka bi su, muka ce duniyoyi. Takwas ne: Uɗarid, Zuhra, tamu, Mirrik, Mushtari wadda ta fi su duka girma, Zuhal, sai biyun da ido bai san da su ba sai da madubin hangen nesa ya zo, Uranus a 1781 da Neptune a 1846. Wanda ya yi karatu da tsofaffin littattafai zai ce tara ne. Haka aka koya mana mu ma, amma a shekarar 2006 taron masana falaki na duniya ya fitar da Pluton daga sahun. Hanyar gane su a sama mai sauƙi ce: tauraro yana ƙyaftawa, duniya kuwa haskenta a tsaye yake.

Harshen bai tsaya ga kayan gado ba. Tauraron ɗan'adam, kumbo, ɗan sama jannati, duk ƙirar zamani ce, kuma sun zauna daram a bakin mutane. Har ciwon idon nan da ake ce wa apolo, sunan kumbon da ya kai mutane wata ne a watan Yulin 1969, domin a shekarar ne cutar ta ɓulla a Gana, mutane suka haɗa biyun.

Mu koma ga Kazar gwaggo. Ita ce Surayya a Larabci, Pléiades a littafin lakwal. Abin da ya ƙayatar da yara shi ne jin cewa manoman Faransa na dā suna kiranta la Poussinière, wato matattarar ƴan tsaki: ashe su ma kaza suka gani. Ƴan'uwanmu Abzinawa kuwa ƴan matan dare suke ce mata, kuma ƙungiyar taurarin da Faransawa ke kira Orion su Amanar suke ce mata, ma'ana jagora, abin da ba zai ba kowa mamaki ba ga mutanen da ke ratsa Tenere da ayarin gishiri zuwa Bilma. Mai kaifin ido yakan ƙirga ƴaƴa shida ko bakwai, madubi kuwa yana nuna ɗaruruwa. Nisanta ya kai tafiyar haske ta shekara 440 ko kusa da haka, ke nan hasken da ya shiga idon yaranmu a daren nan ya baro ta tun wajen ƙarshen daular Songai. Haske kuwa daga rana zuwa nan, kilomita miliyan 150, minti takwas da ɗan kai yake yi. Kaza takan ɓace a yamma wajen farkon Mayu, ta yi kamar kwana arba'in ba a ganinta, sannan ta sake bayyana a gabas da asuba cikin Yuni, daidai lokacin da manomi ke gyara kalme da iri.

Taurarin manoma

Surayya ɗaya ce daga manziloli 28, wato masaukan da wata ke bi, kusan kowane dare masauki guda, rana kuma takan yi kwana 13 a kowanne. Malaman ƙasar Hausa sun karɓi wannan lissafi daga littattafan Larabci, suka ɗora shi a kan shekararmu, bakwai-bakwai. Bazara tana da Far'u Muƙaddam, Far'u Mu'ahhar, Baɗanul Hutu, Sharaɗani, Buɗaina, Surayya da Dabarani. Damina tana da Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsani. Kaka tana farawa da Sarfa ta ƙare da Ƙalbu, ɗari kuma ya tashi daga Shaula ya ƙare da Sa'adu huɗun nan. Kowane tauraro kwana 13, ban da Jabha mai 14. Ga aikin lissafi kyauta ga ɗan aji biyar: 27 sau 13 ya ba da 351, a ƙara 14, ga 365 cif. Har yanzu a ƙauyuka za ka ji dattijo yana cewa an shiga Ɗarfa, ruwa zai yi yawa, ko shuka a tauraro kaza ta yi latti.

Da yawa daga cikin sunayen taurarin da ke littafin Faransanci ma Larabci ne da ya sauya riga. Aldébaran shi ne Dabarani, mai biyo baya, domin Surayya yake bi. Rigel daga rijl, ƙafa. Deneb daga zanab, wutsiya. Altaïr daga aɗ-ɗa'ir, mai tashi. Sun shiga Turai ne ta littattafan irin su Abdurrahman as-Sufi, wanda ya kammala littafinsa na siffofin taurari a shekarar 964. Ɗan madarasa da yakan ji kamar baƙo ne a darasin kimiyya, ranar da ya gane haka sai ka ga ya gyara zama.

Wajibi ne mu tsaya a kan wata magana, domin iyaye sun yi mana ita, kuma suna da haƙƙin yi. Da an ce ilimin taurari, hankalin mutane yakan tafi ga duba da buga ƙasa da shafin buruji na jaridu, inda ake gaya wa wanda aka haifa a wata kaza abin da zai same shi a mako. Malamai tun dā sun raba abu biyu: sanin tafiyar rana da wata da taurari don gane lokaci da alƙibla da hanya, da kuma da'awar cewa taurari na da tasiri a kan rabo da ajali. Na farko Alƙur'ani ya yi nuni gare shi inda ya ambaci masaukan wata don sanin ƙidayar shekaru, da shiryuwa da taurari cikin duhun tudu da teku. Akwai ma surori masu sunan Najmi da Ƙamar da Buruji da Shamsi. Na biyu shi ne abin hani, kuma hadisin ruwan da aka yi a Hudaibiyya ya ja kunnen mai jingina saukar ruwa ga tauraro. Saboda haka muke koya wa yara cewa Ɗarfa alama ce ta lokaci kamar yadda agogo yake, agogo kuwa ba shi ke kawo la'asar ba. Karin maganar nan ta tauraruwa mai wutsiya da ganinta ba alheri ba, sai mu bar ta a karin magana: dunƙulen ƙanƙara da ƙura ce, zafin rana ke fitar mata da wutsiya, kuma an san lissafin wasu har shekarar dawowarsu, kamar ta Halley da aka gani a 1986, ake sa ran ta a 2061.

Ranar da dare ya yi da walaha

Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, ƙarshen Safar 1427, muna ƴan makaranta a wani gari na ƙasar Maraɗi, cikakken husufin rana ya ratso Gana da Togo da Benin da Najeriya, ya shigo Nijar ya nufi Kawar, ya wuce Cadi da Libiya. Da walaha haske ya fara yin fatsi-fatsi, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, can sai duhu, Gamzaki ya fito tsakar rana. Mata na salati, wasu tsofaffi na kuka, maza suka cika masallaci don sallar kusufi. Cikin ƴan mintoci rana ta dawo. An yi ta gargaɗi a rediyo kada a kalli rana, amma mu yara muka ƙona gilashi da hayaƙin fitila muka yi ta leƙe. Wani abokin karatunmu ya daɗe yana ganin baƙin tabo a tsakiyar duk abin da ya duba, karatun allo ma ya gagare shi wata da watanni. Gargaɗin ya iso gare mu, dalilin ne bai iso ba, yaro kuwa in ba a ba shi dalili ba sai ya gwada.

Dalilin a taƙaice shi ne wata ne ke shiga tsakaninmu da rana. Rana ta fi wata faɗi kusan sau 400, ta kuma fi shi nisa kusan sau 400, shi ya sa suke daidai a ido, har ƙaramin ya rufe babbar. Ɗan gefen da ya rage kuwa ya isa ya ƙona cikin ido ba tare da an ji zafi ba, kuma baƙin tabarau na kasuwa ko gilashi mai hayaƙi ko kallon ruwa a kwano ba su tsare komai. Husufin rana ba ya faruwa sai a ƙarshen wata, na wata kuma sai a tsakiyarsa, lokacin da inuwar duniyarmu ta faɗa kansa. Ke nan maganar da muka gada cewa rana ta kama wata, har yara su fita suna kaɗa gwangwani don ta sake shi, a juye take: a wannan dare ne ma rana ta fi nisa da wata, tana can bayanmu. Masu fiƙihu sukan ce kusufi ga rana, husufi ga wata, bakin jama'a kuwa ya haɗa su a husufi. Sanannen abu ne kuma cewa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya rasu an yi kusufi, mutane suka danganta shi da rasuwar, Manzo ya gyara musu fahimta, ya umarce su da salla.

Ba tarihi kawai muke bayarwa ba. Ranar 2 ga Agusta 2027 cikakken husufi zai bi ta arewacin Afirka, ya wuce minti shida a Luksor ta Masar, ya bi ta Jidda da Makka, mu nan kuma mu ga an cinye wani sashe na rana. Ranar 20 ga Maris 2034 wani zai ratsa Najeriya da Kamaru da Cadi da Sudan. Yaran da ke gabanmu yau su ne za su riƙe hannun ƙannensu a ranakun nan.

Yadda muke wasan

Wasa da kalmomi ba baƙo ba ne gare mu. Muna da kacici-kacici, muna da zaurance, malamai kuma suna da ramzi, inda mai waƙar ajami ke ɓoye shekarar da ya kammala ta cikin haruffan kalma guda, sai mai sanin hisabi ya warware. Gidan dara na haruffa masu gicciye, wanda Faransawa ke kira mots croisés, shi ne baƙo. Ya fara fitowa a wata jaridar birnin New York ranar 21 ga Disamba 1913, daga hannun wani Bature mai suna Arthur Wynne. Mu gicciyen kalmomi muke ce masa a aji.

Mun fara da mafi sauƙi, ɓoyon kalmomi, wato mots mêlés: a cika gidaje da haruffa a ɓoye kalmomi goma a ciki, yaro ya nemo ya zagaye. Yara sun so shi, aji ya yi tsit, mu ma muka ji daɗi. Bayan mako guda muka tambayi wanda ya riga kowa gamawa mene ne zawali, sai ya yi ta kallon rufi. Ido ne ya yi aikin, ƙwaƙwalwa tana barci. A ganinmu wannan wasa bai wuce na ƴan aji biyu da uku masu koyon siffar haruffa ba, kuma malamin da ya mai da shi abincin kullum hutu ya nema wa kansa.

Gicciye ya fi shi nesa ba kusa ba, domin ba a ba ka kalma, ma'ana ake ba ka. Ga yadda muka gina na farko a kan tablo, ba injin kwafi ba komai, yara tamanin suna kwafa a kaye da ardwaz. A rubuta TAURARO a kwance, gida bakwai. A saukar da WATA a tsaye ta ratsa gidan farko, harafinta na uku ya zama T ɗin tauraro. A rataya RANA daga R na gida na huɗu. A saukar da ZARA ta ratsa gida na shida da nata R. Sai a goge haruffan a bar gidaje, a rubuta tambayoyi a gefe. Duk aikin bai ci minti goma ba.

Abin da ya fi ba da amfani shi ne da muka juya wasan, muka ce su za su rubuta tambayoyin, rukuni ya ɗaure rukuni. Don ka ɗaure wani da kalma sai ka san ta ciki da bai. Wata yarinya ta kawo: "Da yamma amarya ce, da asuba ta sake suna." Wani ya ce: "Ina da ƴaƴa bakwai, ban taɓa shiga akurki ba." Wani ɗan ƙiriniya kuwa ya lura cewa wata na sama da wata ta "wata mace" rubutunsu ɗaya, sai murya ta raba su, ya kuma gano cewa in aka birkita haruffan WATA sai a samu TAWA, ya ce tambayarsa ita ce: "Birkita garin Adar ka ga abin da ake nema daren sallah." Mun ba shi maki biyu.

Akwai kuma tsanin kalmomi, inda ake sauya harafi ɗaya a kowane taki. Daga RANA zuwa WATA taki biyu ne: RANA, RATA, WATA. Da yara suka ga rata ce a tsakani, sai tambaya ta zo da kanta, ratar nawa ce? Nan muka shigar da kilomita 384,000 na nisan wata, muka ajiye shi gefen miliyan 150 na rana. Daga ZARA zuwa KAZA kuma sai an bi ta KARA.

Wuyar da muka sha ta haruffa ce. Shin SH da TS da ƘW gida ɗaya za su ci ko biyu? Da yake kowanne sauti ɗaya ne, muka yanke gida ɗaya, amma dole a faɗa tun farko, in ba haka ba gardama ta cinye darasi. Haruffa masu ƙugiya kuwa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, a nan ne wasan ya yi mana aikin da bulala ba ta yi ba. Wani rukuni ya gicciya KAZA da ƘASA a harafin farko, abokan hamayya suka ƙi, suka ce in dai K ce to kasa ce, macijiya. Tun daga ranar ba mu ƙara roƙon kowa ya sa ƙugiya ba. Da Larabci abin ya sha bamban, tunda wasula ba sa cin gida: ƙamar gida uku ne, shams ma uku. Mun fi son a ba da tambaya da harshe ɗaya a nemi amsa da wani, alal misali a rubuta éclipse a nemi kalmar Hausa mai gida shida, ko a rubuta hilal a nemi Faransancinta. Ta haka kalmomin uku ke ɗaurewa a igiya ɗaya. Abin da ba mu ba da shawara ba shi ne kwafo gicciye daga littattafan Faransa yadda yake, domin za ka tarar ana tambayar yaron Damagaram lokacin da ganye ke zuba dusar ƙanƙara na tafe.

Wani mahaifi ya zo mana da kayen ɗansa a hannu, fuska a ɗaure, ya ga gidaje murabba'i da haruffa a ciki ya ɗauka hatimi muke koya wa yara. Muka ba shi wuri, muka warware wasan tare, ya ci uku cikin huɗu, ya tafi yana dariya. Zaton nasa ba na banza ba ne, gidajen sun yi kama. Kuma ƙasar Hausa ta san lissafin murabba'in lambobi tun tuni: Muhammadu al-Kashnawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan yadda ake jera su, har yau masana tarihin lissafi na ambatonsa. Darasin da muka ɗauka shi ne a sanar da iyaye kafin a fara.

Daga tablo zuwa tsakar gida

Duk kalmar da aka ci a wasa, sharaɗinmu shi ne a je a gan ta. Nan aikin ya koma hannun iyaye, domin makaranta ba ta da dare. A sa yaro ya zana siffar wata a kaye kowane dare tun daga tsayuwarsa, zai gano da kansa cewa zagayen kwana 29 da rabi ne, shi ya sa wata ke yin 29 ko 30, shekarar hijira ta zama kwana 354, ta gaza ta rana da kamar kwana 11, azumi kuma ya zagaye bazara da damina da ɗari cikin shekara 33 ko kusa. A nuna masa tauraron arewa, wanda ba ya gusawa daga wurinsa. Tsayinsa daga gindin sama daidai yake da nisan garinku daga tsakiyar duniya, shi ya sa yake ƙasa-ƙasa a Yamai, daraja 13 da rabi, ya ɗan ɗaga a Agadas, daraja 17.

Ga kuma wani gwaji da ba ya bukatar ko dala. Mun saba cewa mai salla ya fuskanci gabas, alhali alƙiblarmu gabas ce mai karkata zuwa arewa. Sau biyu a shekara rana kan tsaya daidai bisa Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10 da minti 18 agogon Nijar, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10 da minti 27. A kafa miƙaƙƙen sanda a fili, a ja layi daga ƙarshen inuwarsa zuwa gindinsa. Inda layin ya nufa nan ce alƙibla. Ranar husufi kuma a huda takarda da allura, a ba rana baya, a bar hasken ya faɗa kan wata takardar. Ko a duba ƙarƙashin dogonyaro, za a ga ɗaruruwan ƴan jinjirin rana a ƙasa.

Ga na wannan fitowa, a yi shi a gida bayan lisha. SH gida ɗaya ne. Idan amsoshin sun yi daidai, haruffansu na farko daga sama zuwa ƙasa za su ba da sunan wani mai sammako.

1. Inda rana ke hudowa. Gida 5.
2. Akwai na ƙarya, akwai na gaskiya. Na gaskiyar ke ɗauke hannun mai azumi daga akushi. Gida 7.
3. Babbar yaya a cikin duniyoyi takwas, da sunanta na Larabci. Gida 7.
4. Lokacin da rana ta gota daga tsakiyar sama. Gida 6.
5. Rana ta faɗi, duhu bai gama shiga ba. Gida 6.
6. Shi ya kai mutane wata a 1969. Gida 5.
7. Tana bin ka da rana, da ita liman ke gane la'asar. Gida 5.

Amsa tana nan tafe a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wanda kakarsa ko kakansa ya san wani sunan tauraro da ba mu ambata ba, ya rubuta shi da sunan yankin da ake faɗinsa, ya ba wakilin mujalla na garinsu.